Kofin al'ada a makarantun Siaya ta Kenya: abin da ya gyara da abin da ya gagare shi

Gundumar Siaya tana yammacin Kenya, a gaɓar Tafkin Biktoriya. Ƙasar Luwo ce, mutanenta manoma ne da masunta, kuma tana cikin yankunan da cutar ƙanjamau ta fi yawa a ƙasar. Shekara da shekaru cibiyar binciken lafiya ta Kenya, wato KEMRI, da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka suna riƙe da rajistar mutanen wasu sassan gundumar, gida-gida, suna rubuta haihuwa da mutuwa da ƙaura. Wannan rajista ce ta sa wurin ya dace da gwaji, domin idan yarinya ta daina zuwa makaranta ana iya bin sawunta har gida a ji dalili. Daga 2012 zuwa 2013 wata tawaga ƙarƙashin Penelope Phillips-Howard ta Makarantar Nazarin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Libaful ta shiga makarantun firamare 30 a yankin Gem, don ta ga me zai faru idan aka bai wa 'yan mata kofin al'ada, wato ɗan mazubin da ake sawa a cikin farji ya tara jinin haila, ko audugar mata kyauta.

A lokacin akwai labarin da ƙungiyoyin agaji suka haddace. Yarinya ba ta da auduga, tana zaman gida kwana huɗu ko biyar duk wata, karatu ya wuce ta, daga ƙarshe ta bari. A ba ta abin tare jini, shi ke nan an ceto karatunta. Labarin yana da daɗin tara kuɗi, amma tun 2011 aka fara ganin ɓarakarsa. Emily Oster da Rebecca Thornton sun bi 'yan mata 198 a makarantu huɗu na gundumar Citwan ta ƙasar Nefal, suka gano cewa abin da al'ada ke cinyewa bai kai rabin yini ba a shekarar karatu mai kwana 180, kuma raba kofi bai sauya zuwa makaranta ba. Sai dai Nefal daban, Kenya daban, don haka tambayar tana nan.

Halin da aka tarar

Kafin a raba komai an zauna da 'yan matan, da iyayensu. Abin da suka ce suna tare jini da shi ya haɗa da tsumman tsofaffin kaya, yankin bargo, soson katifa, auduga, takarda, wasu har ganye. Wadda ta samu audugar kanti takan bar guda ɗaya a jikinta ta wuce ƙa'ida, har cinyoyinta su saɓule. Wani bincike a yankin da ya tambayi mata 3,418 'yan shekara 13 zuwa 29 ya fito da abin da ya fi tayar da hankali: kashi biyu bisa uku na masu amfani da auduga daga hannun namijin da suke tare da shi take fitowa, miji ko saurayi. Waɗanda suka amsa cewa sun ba da kansu don kuɗin auduga ba su kai kashi 2 cikin 100 ba a jimla, amma a cikin 'yan shekara 15, ɗaya ce cikin goma. A wurin da ƙanjamau ta yi katutu, wannan ba ƙaramar magana ba ce, kuma ita ce ta sa masu gwajin suka auna cututtukan saduwa, ba su tsaya ga rajistar aji kaɗai ba.

An kuma zagaya makarantu 62 an duba makewayi. Kashi 60 cikin 100 na da ruwan wanke hannu. Kashi 13 ne kawai ke da ruwa a cikin makewayin 'yan mata, kashi 2 ke da sabulu, kashi 16 ke da tsabta. Yawancinsu sun ware wa mata nasu makewayin, amma kashi 77 ba sakata a ƙyauren. A riƙe waɗannan alƙaluma, domin makarantu 30 da aka ɗauka su ne waɗanda suka tsallake sharaɗi: makewayin mata daban, akwai ruwan wanke hannu, kuma masu cunkoso a kan rami ɗaya kada su wuce 70. Ƙa'idar gwamnatin Kenya 'yan mata 25 ne a kan rami ɗaya. Ke nan an sassauta sosai, duk da haka makarantu da yawa sun faɗi. Sakamakon da za a ji a gaba na makarantun da suka fi dama-dama ne.

Aka yi ƙuri'a aka raba makarantun gida uku, goma-goma. Rukunin farko kowace yarinya ta samu kofi ɗaya samfurin Mooncup. Na biyu ana ba kowace audugar Always guda 16 duk wata. Na uku suka ci gaba da abin da suka saba. Dukkansu an koya musu darasin balaga, an ba su sabulu, an ba makarantunsu sabulun wanke hannu, kuma akwai nas-nas da ke zagayawa. 'Yan mata 751 'yan shekara 14 zuwa 16 suka shiga, waɗanda suka ga al'ada aƙalla sau uku, da yardar iyayensu. An iya bin 644 har ƙarshe, na tsawon kimanin wata 11.

Shi kansa kofin

Ɗan mazubi ne mai siffar ƙararrawa, na silikon irin wanda ake aikin asibiti da shi, mai laushi, yana lanƙwasuwa ya koma yadda yake. Ƙaramin samfurin Mooncup faɗin bakinsa milimita 43 ne. Sassansa huɗu: leɓe mai ɗan kauri a sama, wanda ke manne wa bangon farji, ƙananan hudoji a ƙasan leɓen, na shigar iska, cikin kofin, mai zanen awo, sai 'yar jela a ƙasa. Ba ya tsotse jini kamar auduga, tara shi yake yi. Kofunan da ke kasuwa suna ɗaukar mililita 10 zuwa 38, ana zubarwa bayan awa 4 zuwa 12 gwargwadon yawan jini, kuma guda ɗaya na iya kai shekara 10.

Ana fara wanke hannu da sabulu. A matse kofin ya baje, a ninka shi biyu bakinsa ya yi kamar harafin C. Ko a danna gefe ɗaya na leɓen zuwa cikin gindin kofin, wanda ke ba da tsini mafi siriri kuma ya fi wa sabuwar shiga sauƙi. A jiƙa shi da ruwa. A tsuguna, a saki jiki, a tura shi yana kallon baya wajen ƙarshen ƙashin baya, ba sama tsaye ba, domin haka hanyar take a karkace. Idan ya shige a sake shi ya buɗe, a zagaya yatsa a gindinsa a tabbatar ba inda ya lotsa. Zamansa ƙasa-ƙasa ne, ƙarƙashin bakin mahaifa. Jelar kada ta leƙo waje. Idan tana suka, a cire kofin a rage ta da almakashi kaɗan-kaɗan. Wajen cirewa kuskure ɗaya ne kusan kowa ke yi, wato jan jela. Kofin ya kama da iska, jan sa haka yana ciwo kuma yana sa ya fito da ƙarfi ya watse. Sai an ɗan yi yunƙuri ya sauko, a matse gindinsa da yatsa biyu iska ta shiga, sannan a zaro shi a hankali gefe-gefe, bakinsa na sama. A zubar a masai, a ɗauraye, a mayar. Idan al'ada ta ɗauke a tafasa shi minti 5 zuwa 7 cikin ruwa mai yawa, ya bushe, a ajiye a jakar yadi mai shan iska, ba leda ko robar da ke rufe ruf ba.

Yoyo yana da dalilai sanannu. Ko kofin bai buɗe ba, ko an tura shi can sama ya zauna a gefen bakin mahaifa jinin na bi ta bayansa, ko hudojin iskar sun toshe da busasshen jini, ko kuma ya cika kawai. Hudojin ana buɗe su ta hanyar cika kofin da ruwa, a rufe bakinsa da tafin hannu a matse. Ba a shafa masa basilin ko man shafawa, ba a jiƙa shi a bilic ko Dettol, ba a wanke shi da sabulu mai ƙamshi, domin ragowar waɗannan na ƙona fatar ciki.

Wata biyar kafin a saba

Nan ne gwajin ya koyar da abin da masu raba kaya ba sa son ji. Da aka tambayi 'yan matan tun watannin farko, mafi yawansu sun ce suna amfani da kofin. Amma silikon yana da wata ɗabi'a: idan ya sha jini sau da yawa launinsa na rinewa daga fari garau zuwa ruwan ƙasa-ƙasa, kuma wanki ba ya mayar da shi. Sai nas-nas suka riƙa cewa a kawo kofin su gani. A watannin farko kofuna kaɗan ne suka rine, sauran fes suke kamar ranar da aka raba su. A ƙarshe kimanin kashi 71 cikin 100 sun rine, kuma matsakaicin lokacin da hakan ya ɗauka wata biyar ne.

Ba ƙarya ce ta mugunta ba. Yarinya ce aka yi wa kyauta, babba ya tambaye ta, ta faɗi abin da take zaton ana so. Abin da ya hana su da fari tsoro ne: girman abin idan aka gan shi a buɗe, zafin gwajin farko, jita-jitar cewa zai ɓace a ciki ko ya hana haihuwa. Ba ya ɓacewa, domin ƙofar bakin mahaifa ba ta isa ya wuce ba. Amma ba bayanin nas ne ya fi karya tsoron ba, ganin ƙawa ce da ta gwada ta ce ta yi tsalle ta yi gudu ba abin da ya zubo. A Nefal ma an ga haka: yarinyar da ƙawayenta suka samu kofi ta fi saurin iya amfani da nata. Duk shirin da ya raba kofi a taron yini guda, aka ɗauki hoto aka watse, sannan ya dawo bayan wata biyu da takardar tambaya, alƙaluman da zai samu na ladabi ne kawai.

Sai matsalar makewayi. A ɗauki yarinya a tsugune kan ramin masai, cikin duhu, ƙyaure ba sakata, hannu ɗaya na tare ƙofa, ɗayan na riƙe da abu mai santsi, ba ruwa, ba inda za ta ajiye komai, ana buga mata ƙofa. Kofin kan suɓuce. Idan ya faɗa rami ya tafi. Idan ya faɗi a ƙasa akwai mai ɗauka ta goge ta mayar. Kashi 7 cikin 100 na kofunan sai da aka sauya su saboda ɓata, lalacewa, faɗawa masai ko rashin dacewa da jiki. Da aka karɓi wasu kofunan da aka yi amfani da su aka kai ɗakin gwaji, fiye da kashi ɗaya bisa uku sun nuna ƙwayar E. coli, wadda daga bayan gida take zuwa. A wajen sababbin shiga abin ya haura rabi, a wajen waɗanda suka ƙware bai kai kashi ɗaya bisa huɗu ba. Wato hannu da ƙasan makewayi ne hanyar, kuma ƙwarewa na rage ta. Maganin da ya fi sauƙi shi ne a daidaita lokaci: a saka da safe a gida, a cire bayan an tashi, tunda yinin makaranta bai kai awa 12 ba. A ranakun da jini ya yi yawa ta shiga da gorar ruwa, ta kauce daga saitin ramin kafin ta cire.

Tafasawa ma tana da nata rikicin da ba a rubutawa a takardar kamfani. Ba uwar da za ta yarda a sa wannan abu a tukunyar miya, kuma yarinya ba ta son a gan ta a murhu da shi. Tana bukatar gwangwaninta na daban da ɗan itace ko gawayi da lokacin da ba kowa. Idan ruwan ya yi kaɗan ya ƙone, kofin ya manne da gindin gwangwani, ya lalace. Shirin da ya ba da kofi bai ba da abin tafasawa ba ya bar aikin a rabi.

Abin da aka samu

Barin makaranta bai ragu ba. A rukunin da ba a ba komai ba kashi 8.0 cikin 100 suka bari, a rukunin kofi 11.2, a rukunin auduga 10.2. Bambancin bai kai a ce kofi ya ƙara matsalar ba, irin wanda sa'a kan kawo ne a adadi kaɗan, amma babu ta yadda za a karanta shi a ce ya rage. Fashin aji kuwa ya ƙi aunuwa. 'Yan matan da kyar suke rubuta cewa sun yi fashi a kalandar da aka ba su, rajistar malamai kuma cike take da giɓi. Da aka koma daga baya kan bayanan ziyarar ba-zata da aka riƙa kai wa makarantun don ganin wanda ya zo, an ga alamar cewa auduga ta ɗan rage fashi, ba a ga haka a fili ga kofi ba, abin da ba zai ba da mamaki ba tunda rabin lokacin gwajin ya tafi wajen koyo.

Inda aka ga sauyi a jiki ne. Cututtukan saduwa da aka auna a ƙarshe sun kama kashi 7.7 cikin 100 na waɗanda ba a ba komai ba, 4.2 na masu kofi, 4.5 na masu auduga. Kofi da auduga sun yi kunnen doki a nan, kuma hakan ya dace da zaton cewa yarinyar da ke da abin tare jini ta rage dogaro da namiji, ko da yake gwajin bai tabbatar da cewa wannan ce hanyar ba.

Na biyu ya fi ban sha'awa ga ma'aikacin lafiya. A farjin mace mai lafiya akwai ƙwayoyin halitta masu amfani da ake kira laktobasilas, waɗanda ke sa wurin ya yi tsami, tsamin kuma ya hana miyagun ƙwayoyi yaɗuwa. Idan suka ragu wasu suka mamaye, sai a ga farin ruwa tsararo mai ƙarni, wani lokaci kuma ba alama ko ɗaya. Mata kan haɗa wannan da sauran matsaloli su kira duka ciwon sanyi. Haɗarinsa shi ne yana sauƙaƙa kamuwa da ƙanjamau da sauran cututtukan saduwa, kuma yana da alaƙa da haihuwar bakwaini. A cikin waɗanda suka yi wata 9 ko fiye a gwajin, wannan gurɓacewa ta kama kashi 12.9 cikin 100 na masu kofi, 20.3 na masu auduga, 19.2 na sauran. A nan auduga ba ta tsinana komai ba, kofi ne kaɗai ya yi tasiri. Bayanin da ya fi zama a hankali shi ne jini yana kashe tsamin wurin, tsumma ko audugar da ta daɗe kuma tana riƙe jini da ɗumi da laima a jikin fata, shi kuwa kofi yana killace jinin wuri guda.

Ba a samu ko mutum ɗaya da cutar nan mai saurin kisa da gubar ƙwayar stafilokokas ke haddasawa ba, wadda aka fi sani da masu cusa auduga. Ƙwayar kanta an same ta a jikin kimanin ɗaya cikin goma, ba bambanci tsakanin rukunan. Wannan ba ya nufin haɗarin babu shi. Wani nazari da mujallar Lancet Public Health ta buga a 2019, wanda ya tattara bincike 43 da mata fiye da 3,300, ya ci karo da rahoton mutum biyar da suka kamu bayan amfani da kofi, da mata 13 da robar tazarar haihuwa ta cikin mahaifa ta goce musu. Don haka duk mai kofi a jiki da ta ji zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, da amai ko gudawa, da jiri, da jan ƙurji a fata, ta cire shi nan take a kai ta asibiti. A nazarin dai kashi 73 cikin 100 na waɗanda suka gwada sun ce za su ci gaba.

Gwaji na biyu

Na farko ƙarami ne, an yi shi ne don a ga ko babba zai yiwu. Babban ya zo daga 2017 zuwa 2021, a makarantun sakandare 96 na Siaya, da 'yan mata 4,137. Wannan karon gida huɗu aka yi: kofi kaɗai, kuɗi kaɗai, kofi da kuɗi, sai waɗanda ba a ba ko ɗaya ba. Kuɗin shilin 1,500 ne duk zangon karatu, da sharaɗin halartar kashi 80 cikin 100 na ranakun aji. Aka haɗa abu uku a ma'auni guda: kamuwa da ƙanjamau, kamuwa da ƙwayar hapis nau'i na biyu mai fitar da ƙuraje a al'aura, da barin makaranta. A kan wannan ma'auni ba rukunin da ya fi wani, kuma barin makaranta bai motsa ba, har a wajen masu kuɗi. Kamuwa da hapis ta ragu da kashi ɗaya bisa uku a rukunin kofi kaɗai, amma ba a ga raguwar a rukunin da ya haɗa kofi da kuɗi ba. Wannan abin ɗaure kai ne, kuma dalili ne na kada a yi saurin buga ƙirji da alƙalumin. Wani reshe na gwajin ya bi 'yan mata 436 a makarantu shida na wata 30 yana auna ƙwayoyin farji kai tsaye, ya sake samun abin da aka gani da fari: gurɓacewar ta ragu da kusan kashi ɗaya bisa huɗu a wajen masu kofi, ƙwayoyi masu amfani kuma sun fi zama daram. Sau biyu ke nan, a yara daban, da awo daban. Wannan sakamakon ne za a iya jingina da shi.

Annobar korona ta faɗo a tsakiyar aikin, aka rufe makarantun Kenya a watan Maris na 2020, ba a buɗe su gaba ɗaya ba sai Janairun 2021. Da aka kwatanta 'yan matan da rufewar ta rutsa da su da waɗanda suka gama kafinta, ɗaukar ciki ya ninka biyu, barin makaranta ya ninka uku. Abin da ke fitar da yarinya daga aji a Siaya ke nan, ciki a sahun gaba, talauci na biye. Mazubin silikon bai isa ya tare wannan ba, kuma tun farko bai kamata a ɗora masa nauyin ba.

Ta fuskar kuɗi kofi ya yi nisa. Lissafin da aka yi daga gwajin farko ya nuna 'yan mata 1,000 za su ci kimanin dala 3,270 a shekara da kofi, auduga kuwa dala 24,000. Sai dai lissafin ya ginu ne a kan kofi zai shekara goma, alhali an ga kashi 7 cikin 100 sun salwanta kafin shekara guda. Kenya ta cire harajin kaya a kan auduga tun 2004, a 2017 kuma ta yi dokar da ta wajabta wa gwamnati raba ta kyauta a makarantunta. Auduga tana bukatar kasafi da mota da sito duk zango, kuma idan ta isa gida ana raba ta da uwa da 'yan'uwa, guda 16 su koma shida. Kofi na mutum ɗaya ne, ba a aro, ba a ba da aro. Wannan ma sai an faɗa wa yara ƙarara.

Kafin a kwaso shi zuwa wani wuri

Luwo ba su da al'adar yi wa mata kaciya. A inda ake kaciyar da ake ɗinke gaba, kamar sassan Sudan, kofi ba zai shiga ba, gwada shi ma rauni ne. Mai jego ba ta amfani da shi ga jinin biƙi. Mai robar mahaifa ta fara ganin ma'aikaciyar lafiya a duba tsawon zaren, kuma kada ta taɓa cire kofi ba ta saki iskar ba.

A ƙasar Hausa tambayar farko da uwa za ta yi ta budurci ce, kuma ta cancanci amsa ta gaskiya. Tantanin budurci ba rufaffe ba ne, yana da kafar da jini ke fita, siffarsa da taurinsa sun bambanta daga mace zuwa mace. Kofi na iya buɗa shi ko ya tsaga shi. Likitanci bai ɗauki tantanin a matsayin shaidar komai ba, amma yarinyar ba a ɗakin likita za ta yi aure ba, kuma duk mai tallan da ya yi rantsuwa cewa ba abin da zai taɓa ya faɗi abin da ba shi da iko a kai. Hanyar da ta fi hankali ita ce a fara da matan aure, malamai mata da ungozomomi da ma'aikatan asibiti, su saba, su zama masu koyarwa. Akwai kuma abin da ke taimakawa a nan wanda makarantun Gem ba su da shi: shiga makewayi da buta ɗabi'a ce, ba mai tambayar yarinya me za ta yi da ruwa. Saura sabulu da sakata.

Mafi yawan 'yan mata dai ƙunzugu za su ci gaba da yi, ko audugar yadi da ake ɗinkawa ana wankewa, irin wadda kamfanin AFRIpads ke yi a Yuganda. Ita ma ba yadin ne matsala ba, wanki da shanya ne. Binciken da aka yi a jihar Odisha ta Indiya ya danganta yawan ciwon gaba da tsumman da ake maimaitawa, musamman wanda ake shanyawa a cikin ɗaki. A zaɓi yadin auduga zalla mai laushi, ba mai roba-roba ba. A sauya duk awa 4 zuwa 6, wanda ke nufin mace na bukatar aƙalla guda shida don wasu na jiki wasu na kan igiya, da 'yar jakar leda ta dawo da wanda ya ɓaci daga makaranta. A fara jiƙa shi a ruwan sanyi kamar rabin awa, domin ruwan zafi dafa jinin yake yi ya kama zare. Sannan a wanke da sabulu, a ɗauraye har kumfa ta ƙare, a shanya a rana. Kunya ce ke sa a tura shi ƙarƙashin katifa ko bayan ƙyaure da sauran laima, nan kuwa fumfuna ke samun wurin zama. Wadda ba ta son a gani ta shanya shi a igiya ta yafa masa siririn mayafi, rana da iska za su ratsa. Da damina, idan bai bushe ƙarau ba, a bi shi da dutsen guga kafin a ninke.